Idon Kyamara da Bakin Ɗan Wasa: Ra'ayin Mata Game da Nuna Cin Zarafinsu a Talabijin da Finafinan Hausa

1.0 Gabatarwa

A jami'ar da nake koyarwa, wadda ke da nisan tafiyar yini guda daga ƙasar Hausa, yawancin ɗaliban da ke zuwa ajina ba Hausawa ba ne. Saboda haka nakan kawo musu gutsattsarin wasannin kwaikwayo na talabijin domin su ji yadda ake sarrafa harshen a tsakar gida. Wata rana na kawo wata fitowa inda aka ga mace zaune a ƙasa tana kuka, bakinta a fashe, uwarta kuma tana shaida wa dattawan gida cewa an yi wa 'yarta duka. Da muka gama kallo sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya yi dukan?" Na shiga yi mata bayanin aikin "an" a nahawun Hausa. Ta bari na kai aya, sannan ta ce ai ta san wannan tun a shekararta ta farko. Abin da take tambaya shi ne, tun da mijin yana zaune a wurin, kuma kowa ya san shi ya yi, me ya hana a ambace shi? Me kuma ya sa kyamara ta lizimci fuskar matar, ba ta ko waiwayi tasa ba?

Na fi shekara ashirin ina kallon ire-iren wannan fitowa, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Ita ce ta haifar da wannan maƙala, wadda za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da mata, masu kallo da masu shiryawa, suke dubawa idan aka nuna namiji yana cin zarafin mace a talabijin ko a fim. Hujjar da za a kafa ita ce, mai rubuta maganar 'yan wasa da mai riƙe kyamara zaɓi iri ɗaya suke fuskanta, wato ko su bayyana mai aikata laifin ko su ɓoye shi. A kan wannan zaɓi ne mata suka fi auna fim, fiye da yadda suke auna shi da yawan dukan da aka nuna ko ƙarancinsa.

2.0 Matsalar da Fagen da Ake Nuna Ta

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15 da haihuwa, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimakon kowa ba. Ma'anar wannan ga mai shirya fim a fili take. A duk ɗakin da aka taru ana kallo, mai yiwuwa ne wata daga cikin masu kallon ta san abin a jikinta, wataƙila ma wanda ya yi mata yana zaune a gefenta.

Ta fuskar doka kuwa, kundin hukunta laifuffuka da aka fara aiki da shi a Arewacin Nijeriya a 1960 ya ƙunshi sashe na 55, wanda ya ɗauke wa miji laifi idan ya hori matarsa bisa al'adar da suke bi, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Sai a 2015 aka kafa dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta lissafa dukan abokin aure, da korarsa daga gida da ƙarfi, da ƙuntata masa ta hanyar kuɗi, da yin watsi da shi da 'ya'ya a cikin laifuffuka. A watan Yunin 2020 gwamnonin jihohi suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Tsakanin waɗannan shekaru ne fim ɗin Hausa ya tashi ya girma.

Gidajen talabijin na Kaduna da Kano sun riga sun sabar wa jama'a da wasannin kwaikwayo irin su Samanja da Kuliya kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na kasuwa. An kafa hukumar tace finafinai ta tarayya a 1993, ta Jihar Kano kuma a 2001. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma farfaɗo da wasa mai dogon zango. A duk tsawon wannan lokaci babban jigon finafinan bai sauya ba: soyayya, da aure, da kishi, da zaman gida. Fim ɗin da ya zaɓi tsakar gida ta zama fagensa ba shi da hanyar kauce wa abin da ke faruwa a tsakar gida.

3.0 Abin da Mata Masu Kallo Suke Dubawa

Tambayar ɗalibar nan tana da tarihi a fagen nazarin fim. A 1975 Laura Mulvey ta buga wata maƙala a mujallar Screen ta Ingila, inda ta yi bayanin cewa an gina manyan finafinan Amurka a kan idon namiji. Kyamara na kallon mace yadda jarumi ke kallon ta, mai kallo kuma ba shi da wata taga sai wadda kyamara ta buɗe masa. Wannan ra'i ne na masana. Wanda ya je ya tambayi matan da kansu shi ne binciken da Philip Schlesinger da Rebecca Emerson Dobash da Russell Dobash da Kay Weaver suka buga a 1992 da sunan Women Viewing Violence. Sun tara rukunonin mata a Ingila da Sikotlan, wasu sun taɓa fuskantar cin zarafi wasu ba su taɓa ba, suka nuna musu shirye-shirye huɗu: shirin neman masu laifi na Crimewatch UK, da wani kashi na wasan EastEnders, da wasan Closing Ranks mai magana kan ɗan sandan da ke dukan matarsa, da fim ɗin The Accused na 1988.

Abin da binciken ya fito da shi shi ne, hoto ɗaya ba ya zama abu ɗaya a idon kowa. Matan da suka ɗanɗana abin sun fi saurin gane alamominsa, sun fi damuwa da tasirin da hoton zai yi, sun kuma fi tsananta wa masu shiryawa a kan nauyin da ke wuyansu. The Accused ya fi jawo muhawara. Labarin wata mata ne da aka yi wa fyaɗen taro a mashaya, kuma Jodie Foster ta sami lambar yabo ta Oska da shi. Fim ɗin yana goyon bayan matar, amma bai nuna fyaɗen ba sai a wajen ƙarshe, a tsawon mintoci, a daidai lokacin da wani namiji da ya ga abin yake ba da shaida a kotu. Ke nan, maganar matar ba ta zama hoto ba sai da bakin namiji ya tabbatar da ita. Matan da aka nuna wa sun ga amfanin faɗakarwar, amma sun ji tsoron kada wasu maza su mai da fitowar abin jin daɗi.

Wannan bincike na wata ƙasa ne da wata al'ada, amma ya sa na fara kasa kunne ga hirar da maiɗakina da ƙawayenta matan unguwar Sabo suke yi idan sun taru kallon finafinan gida. A nan baƙunta fim ɗin Hausa shi ne ɗan aiken da ke kawo mana labarin gida, saboda haka ba a kallon sa da wasa. Na lura ba su cika cewa duka ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Ƙorafinsu yakan tattaru a kan tambayoyi uku: wa aka bar wa laifin, da idon wa aka nuna abin, kuma me ya biyo baya? Ta farko ta shafi harshe, ta biyu ta shafi kyamara, ta uku ta shafi zubin labari. A kan wannan tsari sauran maƙalar za ta tafi.

4.0 Zaɓin Harshe

4.1 Ɓoye Aikau

A dubi waɗannan jimloli, waɗanda duk ana iya faɗar su a kan aukuwa ɗaya:

(1) Audu ya doki matarsa.
(2) An doki matar Audu.
(3) Matar Audu ta sha duka.
(4) Matar Audu ta daku.
(5) Matar Audu ta ja wa kanta duka.
(6) An sami saɓani a gidan Audu.

A jimla ta (1) aikau da aikatau da karɓau duk suna wurarensu. A ta (2) zagin aikatau "an" ya maye gurbin aikau, Audu ya koma mai mallakar mata kawai, har mai sauraro na iya zaton shi aka yi wa laifi. A ta (3) matar ce ta hau kujerar aikau, domin ita ce ta "sha". A ta (4) an yi amfani da aikatau ɗan giredi na bakwai a rabon Parsons, wanda ke nuna cewa aiki ya kammala sosai a kan wanda ya same shi, kuma sau da yawa da sigar raha ake faɗar sa. A ta (5) ta zama ita ce musabbabi. A ta (6) babu mai duka, babu wadda aka daka, babu ma dukan. Saɓani ne, irin wanda akan ce ko tsakanin harshe da haƙori ana yi.

Hausa ba ita kaɗai ke da wannan hanya ba. Masana Yarabanci sun san aikin da wọ́n ke yi idan ba a son ambaton mai aiki, masana Ibo kuma sun san na a da e. Babu laifi a nahawun kansa. Abin lura shi ne wa aka sa wa wace jimla a baki, kuma a wane lokaci. A finafinanmu jimla ta (1) takan fito ne daga bakin matar tana kuka, wato a lokacin da ba a ɗaukar maganarta da nauyi. Da zarar magana ta isa gaban uba ko waliyyi ko mai unguwa, waɗanda su ne muryar hankali a labarin, sai ta gangara zuwa ta (5) ko ta (6). Mai kallo yana koyon cewa ambaton mai laifi alamar ɓacin rai ce, ɓoye shi kuwa alamar dattako ce.

4.2 Kalmomin Sakayawa

Bahaushe mutum ne mai kunya, ba ya kiran wasu abubuwa da sunansu a gaban surukai ko yara. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma talabijin da ke shiga kowane ɗaki dole ya kiyaye ta. Amma kalmomin sakayawa ba nauyinsu ɗaya ba:

(7) Ya yi mata fyaɗe.
(8) Ya keta mata haddi.
(9) Ya lalata ta.
(10) An ɓata ta.
(11) Ya yi lalata da ita.
(12) Tsautsayi ya faɗa mata.

Jimla ta (8) ta sakaya aikin amma ta bar laifin a inda yake, domin wanda ya keta haddi shi ne ya tsallake iyaka. Ta (9) da ta (10) sun ɗauko aikatau da ake amfani da su ga kaya, kamar abinci ko tufa ko na'ura, suka ɗora wa mutum. Abin da aka lalata ko aka ɓata ya tashi daga aiki, saboda haka tabon ya koma kanta, shi kuwa ya wuce da tsabtarsa. Ta (11) ta fi kowacce haɗari, domin harafin "da" na tarayya ne, ya mai da ita abokiyar aikin, ya kuma shafe bambancin da ke tsakanin tilas da yarda. Ta (12) ta miƙa lamarin ga ƙaddara, kamar faɗuwar katanga da damina.

Haka abin yake ga duka. Kalmomin "horo" da "ladabtarwa" da "gyara" na wanda ke sama ne a kan wanda ke ƙasa, kamar malami da almajiri ko mahayi da doki. Ɗan wasan da ya ce ya ɗan gyara mata zama ya riga ya yanke wa kansa hukuncin wanda ke kan gaskiya. Alhali Hausa ba ta rasa kalmomin da ke faɗar abin yadda yake ba: akwai zalunci, da gallazawa, da muzgunawa, da cin mutunci, da cin zarafi. Ƙa'idar da za a iya fitarwa daga nan ita ce, ana iya sakaya aiki saboda kunya ba tare da an sakaya mai aikin ba.

4.3 Haƙuri

Kalmar da ta fi yawo a fitowar sulhu ita ce "haƙuri". Darajarta a rayuwar Bahaushe ba abin musu ba ce, amma tana da fuska biyu. "Yi haƙuri" na iya zama roƙon gafara daga mai laifi, yana kuma iya zama umurnin jurewa daga wanda ke gefe. Matan da na saurara suna bambance su da kunne ɗaya. Sukan ƙirga mutum nawa ne suka ce wa matar ta yi haƙuri, uwa da gwaggo da maƙwabciya da limami, sannan su tambaya ko mijin ya furta da bakinsa cewa ya yi laifi. Sau da yawa bai furta ba. Wani dattijo ne zai ce ai tsakanin miji da mata sai Allah, a shafa fatiha, a tashi.

5.0 Zaɓin Kyamara

Abin da "an" ke yi a jimla kyamara na iya yin sa a hoto. Mai ba da umurni yana yanke shawara a kan inda za ta tsaya, da tsawon lokacin da za ta daɗe, da sautin da zai raka hoton. Idan ta tsaya a bayan kafaɗar namiji tana kallon mace a ƙasa, mai kallo ya shiga rigarsa ke nan. Idan ta sauka daidai idon matar tana kallon mai tahowa, tsoronta ne mai kallo zai ji. Idan kuma ta daɗe a kan hawaye da yagaggen mayafi ba ta koma ga fuskar mai aikin ba, to an yi jimla ta (2) da hoto: ga karɓau a fili, aikau ya ɓace.

Fim ɗin Hausa yana da wata ƙa'ida tasa a nan, wato hana taɓa jiki tsakanin namiji da mace. Ƙarfin wannan ƙa'ida ya bayyana a watan Oktoban 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korar jaruma Rahama Sadau saboda rungumar wani mawaƙi a bidiyon waƙa. Abin da mata ke nunawa shi ne, mari ma ai hannun namiji ne ke zuwa jikin mace, amma ba a cika jin an ɗaga murya a kansa ba. Ya zama kamar aya a rubutu: gardama ta yi zafi, a ji ƙarar da aka ƙara wa ƙarfi a wurin tace hoto, mace ta dafe kunci, kiɗan tausayi ya tashi, a wuce fitowa ta gaba. A finafinan camama kuwa har dariya ake nema da shi, inda akan nuna mafaɗaciyar mata da ba ta yin shiru sai ta ji a jikinta.

Game da fyaɗe, wannan ƙa'ida ta hana fim ɗin Hausa faɗawa ramin da The Accused ya faɗa. Akan nuna an turo ƙofa, a ji ihu, sannan a ga yarinya a takure. Abin sha'awa shi ne, wasu mata masu shirya fim a ƙasashen da babu mai hana su nuna komai sun zaɓi wannan hanya da kansu. A Women Talking na 2022 Sarah Polley ba ta nuna farmakin da aka kai wa matan wani ƙauye ba ko sau ɗaya. Ta nuna su bayan sun farka, sannan ta ba da kusan dukkan fim ɗin ga mahawarar da suka yi a kan ko su zauna, ko su yi yaƙi, ko su bar garin. Ta sami Oska ta rubutun labari da shi a 2023. A I May Destroy You na 2020, wanda Michaela Coel ta rubuta ta kuma fito a ciki, abin da ya faru yana dawo wa jarumar ne gutsure-gutsure, yadda yake dawowa a zuciyar wanda aka yi wa, kuma fuskar mai aikin ce take gani daga ƙasa.

Ashe rufe ƙofa ba shi ne ƙarshen magana ba. Bambancin yana ga wanda kyamara ta bi bayan an buɗe ta. A finafinanmu da dama, abin da ake bi shi ne abin kunyar: ciki ya fito, uba ya yi fushi, saurayi ya janye, unguwa ta ɗauka. Mai aikin yakan fita daga labarin, ba a sake ganin sa sai ya tsufa ko ya yi haɗari yana neman gafara a gadon asibiti. A nan gida Nijeriya fim ɗin Dry na Stephanie Linus, wanda aka saki a 2015, ya gwada wata hanya. Ya bi Halima, yarinya 'yar shekara 13 da aka aurar wa dattijo, daga daren farko zuwa haihuwa, zuwa ciwon yoyon fitsari, zuwa ƙyamar da mijin da danginsa suka nuna mata. Ba a bar mai kallo cikin shakkar wanda ya jawo ciwon ba.

6.0 Zaɓin Ƙarshen Labari

Marubuta mata na ƙasar Hausa sun riga 'yan fim fuskantar tambaya ta uku. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama, ta buga Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A na biyun, an cire Abu daga makaranta an ba da ita ga Sarkin Noma, marubuciyar kuma ta kira abin da ya faru a daren farko da abin da yake, ba ta lulluɓe shi da sunan aure ba. Abu ta gudu, ta koma karatu, ta tsaya da ƙafafunta. A na farkon, wanda Abdulkarim Muhammad ya mayar fim a 1998, Alhaji Abdu ya bar Rabi da ɗawainiyar 'ya'ya tara, ya auro Delu, ya saki Rabi ya kore ta. Wannan nau'in zalunci ba ya barin tabo a fuska, saboda haka kyamara ba ta samun sa da sauƙi. Sai an bi mace zuwa murhu da kasuwa da ƙofar makaranta kafin a gan shi. Abin da ta lissafa wa Alhaji Abdu a 1990 shi ne dokar tarayya ta kira laifi bayan shekara 25.

Duk da haka ƙarshen labarin Rabi ya daɗe yana raba kan mata. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, ya talauce, ya dawo yana roƙo, dangi kuma suka matsa wa Rabi ta koma. Wasu na ganin marubuciyar ta faɗi gaskiyar zamaninta ne, domin haka ake yi wa mata, kuma Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, tun da yanzu ita ke riƙe da gidan. Wasu kuwa na ganin cewa idan sai wuta ta tashi a kasuwa kafin azzalumi ya ga sakamako, to an koya wa mace ta zauna ta jira gobara. Wannan ja-in-ja yana da muhimmanci, domin hukuncin ƙaddara shi ne ƙarshen da finafinanmu suka fi so. Yana gamsar da zuciya, amma yana sallamar uba da maƙwabci da ɗan sanda da alƙali daga duk wani nauyi. Matar da ke kallo tana cikin irin wannan hali ba ta ga ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

A nan wasa mai dogon zango yana da damar da fim ɗin sa'a biyu ba shi da ita. Yana da makonni da zai nuna yadda abin ke farawa da ƙananan alamu, kamar hana ziyara da ƙwace waya da zagi a gaban yara, da yadda yaran ke ɗauka, da yadda ƙara ke tafiya a kotu, da yadda mace ke sake gina rayuwarta. Yin amfani da wannan dama ya dogara ne a kan waɗanda ke zaune a wurin yanke shawara. Mata sun yi yawa a cikin marubutan ƙagaggun labarai da 'yan wasa, wasu kuma sun zama masu ɗaukar nauyin fim, amma ba da umurni da riƙe kyamara da tace hoto sun fi zama a hannun maza. Waɗannan ukun kuwa su ne ke yanke inda ido zai tsaya.

7.0 A Nuna ko Kada a Nuna?

Kuskure ne a zaci bakin mata ɗaya a kan wannan. Akwai masu cewa gani ya kori ji, kuma muddin ba a nuna munin abin ba maza za su ci gaba da kiran sa saɓani. Akwai masu cewa wadda ta sha ba ta bukatar a sake nuna mata, wanda ya yi kuma ba nadama hoton ke sa shi ba. Akwai kuma masu fargabar kada a mai da ƙasar Hausa dandalin baƙin labari kawai a idon sauran 'yan ƙasa, fargabar da duk Bahaushen da ke zaune a wata shiyya ya san ta. Haka nan ba a ce duk fim ɗin da mace ta shirya ya tsira daga waɗannan kurakurai ba, ko kuwa namiji ba zai iya kauce musu ba. Sau da yawa uwar miji ko kishiya ce ake ɗora wa muguntar a labarin da mace ta rubuta, mijin ya fita a matsayin wanda aka zuga. Wannan ma ɓoye aikau ne da wata riga. Inda ra'ayoyin suka haɗu shi ne, in za a nuna, a nuna domin a gane, kada wahalar mace ta zama kayan yajin da ake barbaɗa wa labari don ya yi kasuwa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa abin da mata ke nema a wurin masu shirya fim ya shafi harshe kamar yadda ya shafi hoto. An nuna yadda zagin aikatau "an", da aikatau irin su "sha" da "lalata", da harafin "da", da kalmar "haƙuri" ke iya kawar da laifi daga kan mai shi, da yadda kyamara da ƙarshen labari ke maimaita wannan aiki. Akwai fage babba a nan ga masu nazarin harsunan Nijeriya. Ana iya tattara maganganun fitowar sulhu a finafinan Hausa da na Yarabanci da na Ibo a kwatanta yadda kowane harshe ke bayyana aikau ko ɓoye shi. Ana iya duba fassarar Ingilishi da ake rubutawa a ƙasan hoto, a ga ko tana dawo da aikau ɗin da Hausar ta ɓoye, ko tana ƙara binne shi. Hukumomin tace finafinai kuma za su amfana idan suka saurari abin da ake faɗa a fim da irin kulawar da suke ba abin da ake sawa a jiki.

A zangon karatu da ya biyo baya na sake kawo wa sababbin ɗalibai fitowar nan. A wannan karon na ce su sake rubuta maganar uwar ba tare da "an" ba, kuma ba tare da sun fita daga ladabin da ya kamaci suruka a gaban dattawa ba. Ba wanda ya kasa. Mafi yawansu sun rubuta cewa, "Ga shi nan zaune, ku tambaye shi abin da ya yi mata."